Buhun Irin da Na Kai Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban sha fura cikin kwanciyar hankali ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a kasuwar Gaya a tambaye ni. Jiya har wani da ko gaisawa ba ma yi ya tsai da babur a bakin gonata, wai gaskiya ne burodinsu ya kai tsawon taɓarya? Na gaji da maimaitawa. Karatuna firamare ce, ita ma ban ƙarasa ba, amma zan rubuta yadda na iya. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda in ci gaba da aikina.

Ga abin da ya fitar da ni. Muna da ƙungiyar manoman gyaɗa a Kademi, ni aka ɗora wa shugabanci saboda ranar zaɓen kowa ya ƙi. Bara wata hukuma mai raba ingantaccen iri, wadda take aiki a nan da Nijar, ta ce mu kai sunaye, kowane gida buhu ɗaya. Muka taru a ƙarƙashin dalbejiyar sakatarenmu Malam Idi. Ya fara rubutu, ya zo kan Isa Kunnen Jaki, sai ya ɗaga biro ya ce shi kam yana jin nauyi ya aika wa manyan mutane irin wannan suna. Muka ce gaskiya ne. Mu duka muka yarda a cire laƙabi, a rubuta sunan mutum, da na ubansa, a rufe da Kademi, yadda 'yan boko suke yi. Har tafi aka yi.

Bazara ta yi nisa, sai ga mota ta zo ta sauke buhu ɗaya tak a ƙofar gidana. A jikinsa an ɗinka takarda: Iyalin Kademi, maigida Habu. Habu ni ne.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Wani maƙwabcina Sani, wanda tun muna yara bai taɓa ganin na yi daidai ba, ya tsaya a majalisa ya ce, "Mutanen Ajingi kowa ya karɓi nasa. Mu namu ya shiga gidan shugaba ya fito buhu ɗaya. Allah ya sa an sayar da daraja."

Na wuce abina. Amma ranar Juma'a na miƙa wa mutum biyu hannu a sahu, suka ba ni kan yatsu kawai. Na dawo na ce wa matata Talatu ta haɗa mini guzuri. Ta ce ina za ni? Na ce inda buhun nan ya fito. Ta ce to ka bar shi a ɗaki mana. Na ce in na bar shi, kafin in dawo an ce na shuka. Tare da shi zan tafi.

Na biya ta Ajingi na ɗauki Bello. Bafulatani ne da ya bar kiwo ya koma dillancin shanu, yana da suruki a Damagaram, ya san hanya. Kakata Babarbariya ce, ga wasan Fulani da Barebari, don haka tun da muka san juna bai taɓa kirana da wani abu ba sai bawansa. Da ya ga ina sauke buhu daga babur ya ce, "Bawana, gudun hijira za ka yi da abin da ka sata?" Na ce masa in zai raka ni ya taso, in surutu zai yi ina da shi a gida.

A Kano muka sami ofishin hukumar. Ma'aikacin ya karɓe mu da mutunci, ya duba, ya ce su nasu su tura sunaye ne kawai, a Damagaram ake sarrafa su a fitar da takardun buhu. Ya kira can, ba a ɗauka ba. Ya ce mu koma gida zai rubuta musu. Na tambaye shi ko zai rubuta wa hadari ma ya dakata. Bai ji daɗi ba, amma ya rubuta mana sunan unguwar da ofishin yake, da sunan wadda za mu nema: Madam Zuwaira.

Motar Daura muka shiga. Kwandasta ya ce a ɗora buhu a sama, na ce a'a. Ya ce to sai dai ya zauna a kujera kamar mutum, a biya masa kamar mutum. Haka aka yi. Ni a gefe, buhu a tsakiya, Bello a taga yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa amaryata ce, kunya take ji. Wata tsohuwa a bayanmu ta shafa ta ji gyaɗa ce, ta ce ɗana ba za ka ɗan sam mana ba? Na ce Iya, iri ne, an shafa masa magani ja, in kin ci sai asibiti. Ta ce haka marowata suke cewa. Wajen Kazaure wani ɗan akuya da aka cusa a ƙarƙashin kujera ya samu kusurwar buhun ya yaga. Sai da na ari allura a hannun tsohuwar nan, da jan zare, na ɗinke. Ta ba ni, amma ta ce Allah ya isa gyaɗarta.

A Kwangwalam aka sauke mu a tsallaka iyaka. Ni da nake tsammanin zan ga katanga, sai na ga igiya da ganga, da mutane iri ɗaya a kowane gefe suna sayar da rake. Abin da ya fara nuna mini na bar gida shi ne wayata, ta mutu tana da caji. A ɓangarensu wani jandarma dogo ya karɓi katina, ya juya shi, ya ce da Hausa tsaf, "Habu Muhammadu Kademi. Kademi kakanka ne?"

Na ce garinmu ne.

Ya ce, "To kai ne mai garin?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Ku mutanen Najeriya kuna da abin mamaki. Mutum ya ɗauki gari guda ya liƙa a bayansa." Ya nuna buhu ya ce wannan fa? Na ba shi labari tun daga dalbejiya. Ya karanta takardar jikin buhun, ya ga daga wajensu ya fito, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga mutumin da yake mai da kyauta. Suka yi dariya har ɗayan ya dafa ganga. Suka ce mu wuce. Da ina da kai a lokacin, da tambayar jandarman nan ta ishe ni in gane komai in juya gida. Ban gane ba.

Daga nan Matamaye, daga nan Takeita, zafi kamar ana toya mu. Abin da na lura, direbobinsu ba sa gudu irin namu, kuma ba wanda yake yi musu tsawa su ƙara. A Matamaye na sayi burodin da ake ta tambayata. E, dogo ne, amma bai kai taɓarya ba, ya dai kai muciya. Bayansa kamar ɓawon kuka. Na gatsa, haƙorina na gefe da yake ciwo tun bara ya amsa. Bello ya ce ba a cinsa haka, sai an tsoma. Na ce abincin da sai an jiƙa shi kafin ya yarda a ci, a wajenmu dusa ake ce masa.

Surukin Bello, Malam Mamman, ya sauke mu a zaurensa. Mutumin kirki. Aka kawo kwaɗon zogale da ƙuli, su kopto suke ce masa, ya fi namu yaji. Sannan aka dasa shayi. Ku da kuke shan shayi a kofin silba da madara, ku ji. Nasu a ɗan kofin gilashi ne da bai fi babban yatsa ba, baƙi, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye don kunya na miƙe zan wanke baki, Malam Mamman ya ce ina za ka, ai na farko ke nan. Sai an yi uku, kuma tsakanin kowane sai an yi hirar duniya. Na ce wa Bello mutanen nan ba su da gona ne? Ya ce suna da ita, ba su da gaggawar Kanawa ne. A waje muka kwana a kan yashi, na yi matashi da buhuna.

Washegari muka yi ta yawo a kan kabu-kabu, wato acaɓarsu, har muka gano ofishin. Muna isa ana rufe ƙofa. Wai da rana kowa gida yake tafiya ya ci abinci ya kwanta, sai an yi sanyi a dawo. Ofis guda. Na zauna a kan buhu a inuwar katanga ina tunanin Sani.

Da aka buɗe aka kai mu wajen Madam Zuwaira. Mace ce da za ta yi sa'ar ƙanwata, da tabarau, da ƙaton mayafi, gabanta kwamfuta biyu. Ta dubi buhu, ta dube ni, ta ce, "Sannunku. Daga ina?"

Na ce daga Kano, ƙasar Gaya.

Ta ce, "Kanawa. Shi ya sa. Ko kyauta aka ba ku sai kun dawo kun yi ciniki."

Na san akwai wasa tsakaninmu da Damagarawa, don haka na ce, "Madam, ba ciniki na zo ba. Na zo in ga wanda ya aurar da garinmu gaba ɗaya gare ni ba sadaki."

Ta sa aka kawo mana kujeru da ruwa. Ta nemo sunayenmu, suka fito a gilashi. Kowane suna an sa shi tsakanin wasu alamu biyu masu kama da bakin kibiya, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ta ce kamar buhu ne, wannan ta buɗe, wannan ta ɗaure, don na'ura ta san inda mutum ya fara da inda ya ƙare. Ta ce haka sunaye suke zuwa daga ko'ina, ita kuma aikinta ta rubuta wa na'urar umarni da wani yare, ekis-es-el-ti ta kira shi, na sa ta maimaita har na riƙe. Yaren ba ya ƙirƙirar komai. Juye yake yi, ya kwaso rubutu daga wannan mazubi, ya yayyanka, ya jera, ya zuba a wancan, har ya zama takardar da ake ɗinkawa a buhu.

Na ce yaya yake yankan?

Ta nuna wani layi da yatsa. "Nan na ce masa, duk inda ka ga fili tsakanin kalma da kalma, yanka. Gutsuren farko sunan mutum. Gutsuren ƙarshe sunan gida. Sannan ka tara duk masu sunan gida ɗaya a ƙauye ɗaya, ka ba su buhu ɗaya."

Ta tsaya. Ta gangara da sunayen ƙasa. Kademi, Kademi, Kademi, har ƙarshe. Ta cire tabarau ta ce, "Kademi ba mutum ba ne."

Bello ya ce, "Yanzu dai mutum ne, ga shi zaune."

Na ce shi yaren da ya ga gida ɗaya da magidanta sun fi na unguwa, bai tambaya ba? Ta ce ba ya tambaya, abin da aka ce masa shi yake yi. A wajensu mutum sunansa da na ubansa da na kakansa yake bayarwa, mutanen Ajingi ma haka sakatarensu ya rubuta, shi ya sa nasu ya tafi daidai. Na ce to ai mahauci ne makaho kika ba wuƙa. Ta ce makaho ne, amma ba ya gajiya kuma ba ya cin hanci. Na ce wannan kam ya fi wasu.

Ta ce gyaran mai sauƙi ne. Ta goge wani abu ta rubuta wani: ya yar da gutsuren ƙarshe, ya ɗauki na tsakiya, sunan uba. Ta danna. Na ji zuciyata ta yi sanyi, har na fara tunanin motar komawa. Sai ga shi garinmu ya tashi daga gida ɗaya ya koma gida kaɗan: gidan Muhammadu, gidan Audu, gidan Garba, da wani Ɗanlami shi kaɗai. Ni da Sani muka faɗa gida ɗaya, don ubansa ma Muhammadu ne.

Na ce, "Madam, mai da ni yadda nake. Gara a ce mini ɓarawo."

Ta yi dariya ta ce, "To Malam Habu, ku a garin yaya kuke gane juna? In an ce Habu Muhammadu, ku nawa ne za ku waiwayo?"

Na ce mu uku.

"To yaya ake yi?"

Bello ya gyara zama kamar an kawo nama. Na ce akwai laƙabi, amma mun cire, don ba na shiga ofis ba ne. Ta ce ita ba ta da wata hanya. Sunan da yake raba mutum da mutum shi take so, ko mai daɗi ne ko marar daɗi. In babu, sai dai a aika mutum ya zaga gida-gida, kuma wannan sai bayan damina.

Haka na zauna a gaban matar mutane ina tona asirin garinmu. Tana karanto suna ina faɗar laƙabi. Garba Mai Jaki. Audu Dogo. Audu Ba Wanka. Isa Kunnen Jaki. Musa Kwana Kasuwa. Wani ma'aikaci da yake wucewa da takardu ya ji, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa. Da muka zo kan Sani na yi gyaran murya na faɗa a hankali yadda ba za ta yi kuskure ba: Sani Wandon Aro. Tun ranar ɗaurin aurensa yake ɗauke da shi. Ban ƙara komai ba, ban rage ba.

Ta mai da umarnin kan gutsuren ƙarshe, inda ta sa laƙabin, ta danna ta gwada. Sai ga Garba Mai Jaki da Isa Kunnen Jaki sun zama gida ɗaya, gidan Jaki, saboda makahon nan har yanzu a fili yake yanka, ya ɗauki gutsuren ƙarshe. Bello ya sauka daga kujera don dariya. Ta ce laifinta ne, ta manta. Sai ta koma ta sa wata alama, tsaye kamar sanda, tsakanin suna da sunan uba, da tsakanin sunan uba da laƙabi. Ta ce masa ya daina kula fili, inda ya ga sanda nan kawai zai yanka, abin da yake tsakanin sanda da sanda ya bar shi ɗungurungum. Ta danna. Garba ya koma gidansa, Isa ya koma nasa. Ta ce daga yau duk sunayen da suka zo daga wajenmu haka za ta nemi a aiko su.

Sai ta ce, "Saura mutum ɗaya. Na farko. Habu Muhammadu."

Na ce ki sa Shugaba.

Ta ce, "Baɗi in an canza ka fa?"

Na ce ki sa Habu Babba. Bello ya ce ƙarya ne, akwai wanda ya girme shi. Na ce masa ba da kai ake ba. Ya ɗaga hannu ya ce shi bai ce komai ba, kuma ba zai ce ba, bawansa ya faɗa da bakinsa.

Ku da kuke garinmu kun san sunan. Kun kuma san shekarun da na yi ina kashe shi, har na taɓa fasa zuwa wani biki saboda maroƙin ya san shi. Ina yaro ba na cin komai da safe sai tuwon jiya, in babu in yi ta kuka, kakata ta laƙaba mini. Na dubi buhun nan da na yi matashi da shi, na tuna yatsun da aka ba ni a sahu. Na ce, "Ɗumame."

Ta ce, "Na'am?"

Na ce, "Habu Ɗumame. Rubuta."

Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta rubuta, ta ce ita ma shi ta fi so da safe, in da man shanu. Ta ce in bar buhun a sito, zai dawo tare da sauran. Na ce a ba ni shaida a rubuce cewa na mayar. Ta ba ni, da hatimi.

Dawowa ba labari. Ba buhu, sai na ji kujera ta yi mini faɗi. Jandarman nan yana nan, ya ce ina amaryar, ashe Bello ya gaya masa. Na saya wa Talatu kilishi, na saya wa yara burodin su gani da idonsu. Har yau rabinsa yana nan, an kasa.

Motar iri ta zo ana saura kaɗan ruwan shuka ya sauka. Aka taru a dalbejiyar Malam Idi, shi ne mai kira. Ya ɗaga takardar buhun farko, ya dube ni, ya dubi jama'a, ya ce a ƙasa-ƙasa shi ba zai iya ba. Na karɓa na karanta da kaina, da ƙarfi: Habu Ɗumame. Aka kwashe da dariya har mata suna leƙowa ta katanga. Na bari suka gama. Sannan na ce, "Na gaba. Audu Ba Wanka."

Dariyar ta ragu, don kowa ya gane nasa yana tafe. Amma ba wanda ya ƙi fitowa. Liman ma da aka zo kan nasa ya miƙe ya karɓa, ba zan rubuta shi a nan ba.

Da na kira Sani Wandon Aro sai ya yi kamar bai ji ba. Na sake kira. Ya taso yana kallon ƙasa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai na ga kusurwar buhun, ɗinkin jan zare, ɗinkina. Ban san ko dace ba ne ko aikin Madam Zuwaira, ban kuma tambaya ba. Na ce, "Sani, riƙe shi da kyau. Shi ne wanda na sata."

Ya ɗora a ka. Ya yi taku biyu, ya juyo da buhun a kansa ya miƙo mini hannu, duka hannun, ya ce, "Sannu da hanya, Ɗumame."

Na amsa.